Ranar da Baba Ya Tafi Leƙen Asiri

"Ɗan ƙwaya! Ɗan ƙwaya za ki kawo mini gida?"

Auta ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Ta san halin mahaifinta. Idan ya faɗi kalma sau biyu a jere, to mutum ya gyara zama, don ba yanzu za a tashi ba.

"Baba, ya daina fa. Tun kafin mu haɗu ya daina. Kuma shi da bakinsa ya gaya mini, ban tambaye shi ba."

"Ya daina! Ai kowa ma ya daina. Ni ma na daina faɗa."

Gwaggo, yayar Baba, wadda ta riƙe su tun rasuwar mahaifiyarsu, tana bakin ƙofa tana yankan farce. Ta yi wani tari mai kama da dariya.

"Kin yi magana ne, Gwaggonsu?"

"Ni? Ƙura ce ta shaƙe ni."

Baba ya yi aikin duba tikiti a jirgin ƙasa har ya yi ritaya, shi ya sa unguwa ke kiran sa Sufeto. Babu abin da yake tinƙaho da shi a duniya irin idonsa. Ya ce tun daga ƙofar tarago yake gane wanda ya shigo ba tikiti, ko da ya rufe fuska yana barcin ƙarya.

"Kallo ɗaya na yi wa kafintan nan na karance shi tsaf. Ki dubi yayarki. Wa ya duba mata miji? Ni. Ina ganin Manaja na ce wannan mutum ne. Yau ga ta can a gidan sama, kwana biyun nan daɗi ya hana ta ko leƙo mu."

"Gidan saman da kullum take faɗowa daga matakalarsa," in ji Gwaggo, ba ta ɗago ba.

"Tayil ne, santsi gare shi. Ke me kika sani a kan tayil?"

Kafin Gwaggo ta ba shi amsa, ƙamshin turare ya yi sallama. Sai da aka ɗan jima mai turaren ya shigo.

Ƙanin Manaja ne. Ba ya manajan komai, amma tun da yake juya makullin motar yayansa a ɗan yatsa, aka laƙa masa Ƙaramin Manaja. Shi ne wanda Baba yake so wa Auta. Ya zube ya gai da Baba har da ƙari, sannan ya miƙa wa Auta wani abu a naɗe cikin takarda mai ƙyalli.

Ta buɗe. Hotonsa ne, cikin firam, ya dafa haɓa yana kallon nesa.

"Don kada kewa ta yi miki yawa, ranki ya daɗe."

Baba ya washe baki. "Kin ga ɗan mutunci ko?"

Gwaggo ta karɓi hoton ta juya shi gaba da baya. "Ma sha Allah. Faɗinsa daidai murfin tulun nan da ya fashe."

Washegari da hantsi Kafinta ya leƙo shagon ɗinkin Auta, garin katako a gashinsa, fensir a bayan kunne. Shi ya haɗa mata teburin yanka, kuma a kan wannan teburin magana ta fara shiga tsakaninsu. Tana ganin sa idonta ya ciko.

"Don Allah ka daina zuwa wurin nan, ko na ɗan lokaci. An gaya wa Baba duk Laraba kana taron masu shaye-shaye. Ya ce wanda ya warke me zai mayar da shi asibiti?"

Ya ja kujera ya zauna daga nesa kaɗan, kamar yadda ya saba.

"Auta, ranar da na fara zuwa wurin nan, a bayan shagon maigidana na farka. Ban san wace rana ba ce. Takalmina ƙafa ɗaya. Mahaifiyata ta daina kallon fuskata. Na shiga ina wari, ba wanda ya tambaye ni ɗan gidan wa ne. Kujera suka ba ni."

"Na sani. Amma yanzu ai..."

"Yanzun ma da su nake tsaye. In na daina zuwa don a ba ni ke, wallahi ba ni za a ba ki ba. Wancan na bayan shago za a ba ki."

Ta kifa kai a kan keken ɗinki ta fashe da kuka.

"To ni ina zan sa kaina? Ba na son in saɓa wa Baba. Ba na son mai hoto. Jiya na buɗe tulu zan sha ruwa na gan shi yana kallo na!"

Ya so ya daure, dariyar ta ƙwace masa. Ita ma ta yi, da hawaye shaɓe-shaɓe.

"Share fuskarki," ya ce a hankali, "kina jiƙa wa mutane leshi."

Ranar Laraba, rana na tsakiya, Baba ya kira Auta tsakar gida. Ta fito ta ja baya da sauri, ta zaci baƙo ne.

Hular sanyi ya sa har kunne, da baƙin tabarau, da takunkumin fuska, da tsohuwar rigar ruwan da yake sawa a wurin aiki. Gumi tuni ya fara bin wuyansa.

"Kawo wayarki, kada ki tsegunta masa. Yau za mu je wurin nan nasu. Zan kama shi dumu-dumu, ki gani da idonki abin da suke sha a ciki."

"Baba, ba a shan komai..."

"Shiru! Wa zai gane ni a haka?"

"Ko mahaifiyarmu ba za ta gane ka ba," in ji Gwaggo, tana yafa mayafi. "Kuma ni ma za ni. In zafi ya kayar da kai a samu mai kama ƙafa."

Wurin wani tsohon gini ne a ƙarshen layi, da bishiya a ƙofarsa. Wata dattijuwa mai tabarau rataye a wuya, wadda kowa ke kira Malama, ta tarye su. Ta dubi Baba daga hula har takalmi, ta dubi matan biyu da suka sa shi a tsakiya, sai fuskarta ta yi laushi.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Zuwan farko shi ne mai wuya."

"Wallahi kuwa," Gwaggo ta yi caraf. "Da ƙyar muka fito da shi."

Baba ya taka mata ƙafa. Ta rama.

Malama ta leƙa ciki ta nemi izinin waɗanda ke zaune, suka yarda 'yan rakiya su shigo. Ɗaki ne mai faɗi, kujerun roba a kewaye, fanka tana juyi tana ƙara kamar za ta faɗo. A kan tebur akwai filas ɗin shayi da kofuna. Baba ya je ya buɗe filas ɗin ya shinshina sosai, ya dawo rai a ɓace.

Kafinta yana gyara kujeru. Ya ga Auta, ya ga Gwaggo, sannan ya ga rigar ruwan. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shi kuwa ko gezau. Ya ɗauko kujerar da ta fi kowacce ƙwari, ya goge ta da hannun rigarsa, ya ajiye wa Baba ƙarƙashin fanka.

Aka fara. Wani direban babbar mota ya faɗi yadda ya fara haɗiyar ƙwayoyi don kada barci ya ɗauke shi a hanya, har ya kai ba ya iya gane muryar 'yarsa a waya. Wani mahauci ya ce shi kwalbar maganin tari ce ta cinye masa teburi da wuƙaƙe. Ba wanda ya katse wani, ba wanda ya yi wa wani wa'azi.

"Baƙonmu," in ji Malama, "in kana so ka ce wani abu, bismilla. In ba ka so, babu tilas."

Baba ya maƙe murya. "Ni ba na shan komai."

Duk ɗakin aka gyaɗa kai cikin tausayi.

"Haka muka ce dukkanmu," in ji Direba.

"Na ce ba na sha! Kallo kawai na zo yi."

"Allah sarki," in ji Mahauci. "Ni ma kallo na zo. Na daɗe ina kallo kafin in buɗe baki."

"Kai, ka san da wa kake magana? Duk lokacin da na ga dama zan tashi in yi tafiyata!"

Direba ya dafe ƙirji. "Kalma a kan kalma. Kamar ni nake magana."

"Ku yi haƙuri da shi," in ji Gwaggo, tana share idon da babu hawaye. "A gida ma haka muke fama. Musu kamar me."

Auta ta cusa bakin mayafi a baki don kada dariya ta tona musu asiri.

Sai layi ya zo kan Kafinta. Ya haɗa hannuwansa ya dubi ƙasa.

"Makon nan bai zo mini da sauƙi ba. Akwai wani dattijo da nake girmamawa, ya kira ni da sunan da na tsana. Kuma bai yi ƙarya ba, ni na saya wa kaina sunan. Shekaranjiya na bi ta gaban wurin da nake saye a da. Ƙafata ta tsaya da kanta."

Baba ya zunguri Auta. "Kin ji ko? Ya tsaya!"

"Na daɗe a tsaye. Sai na kira Direba. Ya yi ta ba ni labarin tayar da ta fashe masa, har na ga na iso gida."

"Ya kuma wuce," Gwaggo ta raɗa wa Baba a ɗaya kunnen.

Auta ta ga yatsun Baba suna wasa da maɓallin rigar ruwa.

Nan Direba ya taso ya dafa kafaɗarsa. "Baba, ka karɓi lambata. Duk lokacin da abin ya motsa maka, kira ni. Kada ka ji kunya. Gumin nan da kake yi ma alama ce, jiki ne yake nema."

Baba ya miƙe zumbur. "Jikin wa? Allah ya sawwaƙe mini!"

Ya banki ƙofa ya fita. Sai dai ba ƙofar da suka shigo ba ce.

"Baba, ba nan ba ne, ɓangaren mata ne!" Malama ta bi shi. Auta da Gwaggo suka rufa musu baya.

Ƙofar ta fitar da su wani ɗan fili a bayan ginin, da igiyar shanya da lilo. Yara suna wasa a inuwa. Baba yana waige-waigen hanyar fita, sai wata 'yar murya ta ƙwala.

"Kaka!"

Wata ƙaramar yarinya ta sheƙo ta rungume ƙafarsa da hannu ɗaya. Ɗaya hannun yana ɗaure cikin filasta, rataye a wuyanta. Auta ta gane ta nan take. 'Yar Ɗigo ce, ɗiyar yayarta da Manaja.

"Ba ni ba ne," in ji Baba, murya a maƙe.

"Kai ne mana, ga takalminka mai ƙara." Ta ɗaga kai ta ƙura wa baƙin tabarau ɗin ido. "Kaka, kai ma Abba ne ya doke ka? Mama ma irin wannan take sawa in ya doke ta."



Baba ya cire tabarau a hankali. Ya cire takunkumin. Ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa.

"Hannunki fa? Aka ce mini daga lilo kika faɗo."

"A'a. Na shiga tsakani ne, Abba ya ture ni."

Labulen wani ɗaki ya ɗaga. Yaya ta fito da kwano a hannu, tana ganin su kwanon ya suɓuce. Gefen fuskarta a kumbure yake, idon ya yi baƙi ya fara komawa ruwan ɗorawa. Auta ta ruga ta ƙanƙame ta, ta ji yadda ta rame har ƙasusuwan bayanta suna taɓa hannu.

"Uwata," Baba ya ce. Haka yake kiran ta tun tana goye. "Uwata, mene ne wannan?"

"Matakala ce, Baba." Ta yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo. "Matakalar da na yi ta gaya muku."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Sau nawa na zo? Ina zama, kafin in buɗe baki ka fara yabon Manaja. Ka kira maƙwabta su ga motar da ta kawo ni. Kullum kana cewa idonka bai taɓa kuskure ba. Na ji nauyin in zama ni ce kuskuren."

Gwaggo ta zauna daɓas a kan bokitin da ke kife, wannan karon da hawayen gaske.

"Ni na zarga," ta ce, "na tsaya ina habaici maimakon in je in ɗauko ki. Bakina ya yi mini yawa inda ba shi da amfani."

"To wa ya nuna miki nan?" Auta ta tambaya.

Yaya ta dubi bayansu. Kafinta yana can bakin ƙofa, bai ƙetaro ba.

"Na kira shi ya gyara mini ƙofar ɗakin yara. Ya ga yadda aka ɓalle ta. Na ce ya sa mini sakata ta ciki, mai ƙarfi. Bai tambaye ni komai ba. Da ya gama, yana tattara kayansa, ya ce inda yake zuwa ran Laraba akwai ɓangaren mata da yara, ana kwana, akwai likita, kuma ba a gaya wa kowa. Na yi kamar ban ji ba. Da abin ya kai kan yarinya, na ɗauke ta muka taho."

Auta ta juya ta harare shi cikin hawaye. "Ka sani, ka ɓoye mini?"

"Ba sirrina ba ne, Auta."

Malama ta zaunar da su a kan benci. Ta ce likita ya duba uwa da 'ya, an sanar da hukuma maganar hannun yarinyar, kuma akwai lauyar da ke taimaka musu za ta tsaya mata. Ta ce Yaya tana iya zama nan har hankalinta ya kwanta.

"Gida za ta," in ji Baba.

"Ita za a tambaya, Baba."

Baba ya buɗe baki, ya rufe. Auta ba ta taɓa ganin haka ba tun da aka haife ta. Ya juya ga babbar 'yarsa.

"Uwata, za ki zo gida? Ba umarni ba ne. Roƙo nake."

"In Manaja ya zo ya durƙusa ya ba ka haƙuri fa? Ka san ya iya durƙuso."

"Ko kwanciya ya yi."

Yaya ta daɗe tana kallon sa, sannan ta gyaɗa kai.

Malama ta sa wa Auta lambarta da ta jami'ar hukuma da ke riƙe da maganar a waya, bayan Baba ya zaro wayar daga aljihun rigar ruwa yana kawar da kai. Ta ja musu kunne: in Manaja ya zo, kada a yi jayayya da shi, kada a bar shi ya keɓe da Yaya, a kira nan take.

A motar ɗaukar katakon Kafinta suka koma. Mata suka cunkusa a gaba, Baba ya ce shi a baya zai zauna, yana son iska. Direba ya biyo su har titi yana ɗaga masa hannu.

"Baba, sai Laraba! Ka daure!"

Suna shan kwanar layinsu Yaya ta damƙe hannun Auta. Motar Manaja ce a ƙofar gida. Manaja yana tsaye cikin fararen kaya, fuska ɗauke da murmushin nan da ya daɗe yana sayen Baba da shi. Ƙaninsa na gefe.

Auta ta danna lambar jami'ar. Gwaggo ta danne makullin ƙofar motar, sannan ta cire takalmi ɗaya ta riƙe.

"Gwaggo, an ce ban da faɗa."

"Wa ya ce faɗa zan yi? Ƙafata ce take ciwo."

Baba ya diro daga baya, har yanzu da hular sanyi. Manaja ya zube ƙasa.

"Baba, barka da dawowa. Wata 'yar rashin fahimta ce irin ta cikin gida, na zo in..."

"Tashi, kada ka ɓata farin wandonka. 'Yata ta zo gidan ubanta, kuma ba ta komawa. Sauran bayani akwai masu yi maka, suna hanya."

Murmushin ya bushe a fuskar Manaja. Ya miƙe ya nufi motar Kafinta, idonsa a kan Yaya. Kafinta ya fito ya tsaya a gaban ƙofar, hannuwansa a baya. Baba ya tako ya tsaya kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa.

"Baba, wai wane ne wannan?" in ji Ƙaramin Manaja, yana toshe hanci. "Ba shi ne ɗan ƙwayar nan ba?"

"Kai, rufe mana baki! A gabana ba wanda zai ƙara kiran sa haka."

Kafinta ya waigo yana kallon Baba, ido ya kawo ruwa.

Baba ya murtuke fuska, bai dube shi ba.

"Me kake kallo na? Ban ce na ba ka ita ba. Cewa na yi ka tsaya a nan."

"Na tsaya, Baba."

"To matso. Ka yi nisa."